Amin Ɗin da Nake Ji ta Bayan Bango

Mai karatu, ka taɓa zama a gidan haya irin na ɗaki na kallon ɗaki? In ka taɓa, to ka san cewa bangon da ke tsakaninka da maƙwabcinka ido kaɗai yake tarewa. Kunne kuwa babu ruwansa da bulo.

Kafin shekarar 2000 na yi zama a irin wannan gida a Kaduna, bangona ɗaya da wasu Kiristoci masu yara uku, biyu daga ciki tagwaye. Kowa Maman 'Yan Biyu yake kiran matar. Ina dawowa daga sallar asuba zan ji sun soma addu'ar safe. Maigidan ya karanta Littafi Mai Tsarki da muryar barci, sannan su ɗauko waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, ƙasa-ƙasa don kada su tashi mutane. In an rufe addu'a kowa ya ce amin, sai ƙaramin cikinsu ya ja nasa amin ɗin shi kaɗai bayan kowa ya gama, har uwar ta ce, "Kai, ya isa haka!" Daga nan sai ƙarar bokiti a bakin famfo, sai kukan wanka, sai rigimar waye ya shanye wa wani koko.

Ranar Asabar da daddare za ka ji ana kaɗa dutsen guga na gawayi, yara na ta tisa ayar da za su kai makarantar Lahadi, suna tuntuɓe a wuri guda, uban yana gyarawa. Ita kuwa tana jajjage tana rera waƙar Zumuntar Mata, taɓarya na ba ta kiɗa. Duka wannan da Hausa ake yi, ka ji ko? Ba abin mamaki ba ne. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru, kuma har gobe da Hausa ake sujada a ɗimbin majami'un ECWA da COCIN da EYN.

To ga tambayar da ke cina: za ka iya cewa ka san mutumin da ba ka taɓa jin motsin gidansa ba? Abin da mutum ke faɗa a kasuwa ko a ofis ya shirya shi. Amma yadda yake lallashin yaro mai zazzaɓi da ƙarfe biyun dare, wannan babu shiri a ciki. Ni ban taɓa kasa kunne da gangan ba, don laɓe ba halin kirki ba ne. Sautin ne ke zuwa da kansa, yadda su ma suke jin kwaramniyar sahur ɗinmu wata guda cur ba su taɓa cewa uffan ba. Wani lokacin ma, ban ɓoye maka ba, kukan tagwayen nan kan hana ni barci har in yi tsaki.

Kada ka ce ina nufin jin juna maganin fitina ne. A rikicin Fabrairun 2000 akwai maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ƙarƙashin gado, akwai kuma wanda ya nuna ƙofa, alhali dukansu sun sha jin kukan 'ya'yan juna. Abin da nake cewa bai kai haka girma ba. Wanda ya ji, in aka zo masa da ƙarya, yana da abin da zai auna ta da shi. Bayan wancan rikici da na Nuwamban 2002, garin ya dare biyu: Kiristoci da yawa suka haye kogi zuwa su Sabon Tasha da Narayi, Musulmi suka tattaru a su Rigasa da Tudun Wada. Yaran da aka haifa daga baya labari kawai suke ji.

A nan ne nake ganin laifin marubutanmu da 'yan fim. Sau nawa ka ga gidan Kirista a fim ɗin Hausa ana rayuwa kurum, ana goyo, ana faɗan koko? Galibi sai dai a rataya gicciye a bango, a sa ɗan wasa ya riƙa gwamutsa Hausa don a yi dariya, ko kuma a kawo shi don ya musulunta kafin fim ya ƙare. Alhali Maman 'Yan Biyu in ta ɗauko karin magana, ni Bahaushe sai na tsaya na yi tunani.

Sun kwashe kayansu mako biyu bayan ƙura ta lafa. Da za su tafi ta leƙo ta ce, "Malam, a yafe mana damun da yara suka yi." Na ce, "Haba Mama, mu ne da neman gafara." Ɗakin ya yi wata uku a kulle, kuma duk asuba in na dawo masallaci sai in samu kaina tsaye da mabuɗi a hannu, ban buɗe ƙofa ba.

Kwanan baya ƙaramar 'yata, wadda ta tashi a unguwar da babu Kirista ko ɗaya, ta tambaye ni wai su ma suna cewa amin?