Wanda Ya Riga Ka Zuwa: Waƙar Layi da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda su ka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, dalilin wannan 'yar waƙa shi ne, wani yaro daga 'ya'yan zawiyarmu ta Tireshbil a birnin Abijan ya dawo daga Faransa, sai ya tsai da ni bayan an tashi daga wazifa, ya ce, "Baba Malam, na kai 'ya'yana filin wasa, inda a ke hawa lilo da jiragen wasa. Layi biyu na tarar. Na farko sai mutum ya tsaya sa'a guda da 'yan kai, na biyu kuwa wanda ya ƙara kuɗi nan take zai shige. Na biya mu ka shige, amma da na waiwaya na ga idanun yaran da mu ka wuce, raina bai kwanta ba. Shin na ci haram?"

Waɗansu su ka yi dariya, su ka ce yanzu har lilo ya shiga fatawa. Ni ban yi dariya ba, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki. Shi ya sa na tsara waɗannan baitoci, na bi su da sharhi gwargwadon ƙaramin sanina.

Da sunan Allah za ni fara waƙata,
Mai jera dare da rana bisa tsari.
Salati ga Annabi, wanda ya ba yaro
Haƙƙinsa gaban manyan mutanen gari.

Sharhi: Ya zo cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, daga Sahlu ɗan Sa'adu, cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin sha, ya sha. A damansa akwai wani yaro, a hagunsa kuwa dattawa, ga shi ƙa'ida ita ce a fara da na dama. Sai ya nemi izinin yaron ko ya yarda a fara ba dattawan. Yaron ya ƙi, don ba ya son ya bar wa kowa rabonsa na sauran abin da Annabi ya sha. Sai Annabi ya ɗora masa ƙwaryar a hannu. Malamai sun ce yaron nan Abdullahi ɗan Abbas ne.

To, ku duba. Mafificin halitta ke nan, ga dattawa zaune, kuma abin duk bai wuce kurɓi ɗaya ba, amma bai tsallake yaro ba sai da ya tambaye shi, da ya ƙi kuma bai matsa masa ba. A nan mu ka fahimci cewa wurin da mutum ya samu bisa ƙa'ida nasa ne, shi kaɗai ke da ikon kyauta da shi.

Jiran talaka yanki ne na kwanansa,
Wa ya ba mai ƙofa shi ya yi jari?

Sharhi: Wannan baiti shi ne gindin maganar. Mutumin da ya tsaya a layi, da kwanakin ransa ya ke biya, su kuwa ƙididdigaggu ne, wanda ya wuce ba ya komowa. A ce mutum 40 ne a bakin ƙofa, kowa na ɗaukar minti 5. In mai ƙofa ya karɓi goro ya shigar da wanda ya zo yanzu, ya ƙara wa kowannensu minti 5, watau minti 200 ke nan, sa'a 3 da sulusi. Ga wanda ya saya, ga wanda ya karɓi kuɗi, amma masu kayan suna tsaye a rana, ba wanda ya shawarce su. Ko ƙaramin ɗalibi ya san sayar da abin da ba ka mallaka ba ɓatacce ne.

Mu da mu ka zauna Kwaddibuwa a matsayin baƙi mun ɗanɗana wannan. Tun farkon shekarun 1990 aka ɗora wa baƙi katin zama, ba a ɗauke wa mutanen Afirka ta Yamma shi ba sai 2007. Mutum zai baro rumfarsa a kasuwar Ajame tun asuba don neman takarda, sai ga waɗansu 'yan tsakani suna zagaya layi, suna raɗa wa mutane cewa sun san hanya. Mutanen Abijan suna kiransu da sunan ƙadangare a Faransanci, sunan kuwa ya dace, don ƙadangaren bakin tulu ne, a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. Na san malamai sun yi sauƙi ga wanda aka danne wa haƙƙi, ba yadda zai same shi sai ya ba da wani abu, su ka ce zunubin na mai karɓa ne. Amma fa a rarrabe. Wanda aka ce ba za a ba shi takardarsa ba sam sai ya biya, wannan an tilasta shi. Wanda kuwa za a ba shi in ya jira, ya biya don kada ya jira, wannan kan 'yan'uwansa ya taka.

Gada daban ce, in ka biya ka haye,
Ba ka tauye kowa ba don ka yi sauri.

Sharhi: Kada wani ya ɗauka duk sayen sauri haram ne. Shekaru masu yawa gada biyu ce kaɗai ke haɗa Filato da Tireshbil, ta Hufuwet Buwanyi wadda aka gama a 1957, da ta De Gol ta 1967, kuma duk wanda ya taɓa bin su da yamma ya san yadda motoci ke cushewa. A watan Disamba na 2014 aka buɗe gada ta uku mai sunan Konan Bediye, tsakanin Ribiyera da Markori, aka sa wa ƙaramar mota sefa 500, watau dala ɗari. Wanda ya biya ya haye, bai ɗauki komai daga na tsohuwar gada ba, hasali ma ya rage musu mota ɗaya. Kuɗinsa ya tafi ga hanyar da aka ƙara. Haka wanda ya gaji da jiran gbaka a tashar Ajame, ya ɗauki shatar tasi, ba wanda zai bi shi bashi.

Saboda haka ga ma'auni, ku riƙe shi: duk lokacin da ka miƙa kuɗi don sauri, tambayi kanka, saurin nan daga ina ya fito? In daga sabuwar hanya ne, Allah Ya sa albarka. In daga jiran wani aka yanko maka, to akwai magana.

Filin wasa na mai shi ne, ya sa farashi,
Amma me za ya shuka a ran samari?

Sharhi: Yanzu ga amsar yaronmu. Filin wasa dukiyar mai shi ce, kuma ya rubuta farashi biyu a fili, kowa ya gani kafin ya shiga, ba lalura ce ta kai shi ba. Kuɗin kuma ga mai filin ya tafi, ba a soke shi a aljihun mai gadi ba. Don haka ni ban ga hanyar kiran wannan rashawa ba, ban kuma ce ka ci haram ba. Wallahu a'alamu.

Sai dai akwai abu biyu. Na farko, kujerun lilon ba su ƙaru ba. Duk kujerar da aka ba mai layin kuɗi, daga layin jama'a aka cire ta, watau wannan bai yi kama da gada ba. Kamfanin Disney na Amurka, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, ya fito da tsarin FastPass a 1999, kyauta, a ba ka 'yar takarda mai lokacin da za ka dawo. A 2021 ya soke shi, ya mai da abin na kuɗi. To, ranar da jira ya zama abin sayarwa, mai filin ba zai ƙi jinin dogon layi ba, domin mai sayar da laima ba ya baƙin cikin hadari.

Na biyu, shi ne abin da ka gani a idanun yaran nan. Ɗanka ma ya gani, ya kuma koyi cewa kuɗin ubansa na iya kawar da mutane daga gabansa. Yau a lilo ne. Gobe in ya zama akawu ko likita ko alƙali, da wannan karatu zai zauna a kujera. Damuwar da ka ji alamar zuciya mai rai ce, kada ka bari a kashe maka ita da dariya. In ka sake zuwa, ka gwada tsayawa da su a layin jama'a ko sau ɗaya, su san ɗanɗanon haƙuri.

Matafiyi da majinyaci a ba su hanya,
A nemi izinin jama'a, su yi haƙuri.

Sharhi: Shari'a ba ta ce kada a gabatar da kowa ba. Shehu Halilu a cikin Muhtasar, babin alƙalanci, ya jera yadda alƙali zai saurari masu ƙara: matafiyi da abin da a ke tsoron ya kuɓuce, sa'an nan wanda ya riga zuwa, in kuma an rasa sanin wanda ya riga, a yi ƙuri'a. Ya ce haka ma mai ba da fatawa da mai karantarwa. Ku bi jerin nan da kyau, za ku ga bukata, za ku ga rigaye, za ku ga ƙuri'a, ba za ku ga aljihu ba. Don haka tsoho da mai ciki da wanda jini ke zuba a wuce da su, amma a faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Gabatarwar da ke kan gaskiya ba ta jin kunyar a ji ta. Wadda sai an yi raɗa, ita ce abin tuhuma.

Ni ma na taɓa sai da abin da ba nawa ba,
Ya Rabbi Ka yafe, Ka rufa mini asiri.

Sharhi: Ga mikin da na ambata. Wata shekara wani babban Shehi ya sauka a wani gida a Tireshbil, aka sa ni tsaron ƙofa. Jama'a tun hantsi har bakin titi. Cikinsu akwai wata tsohuwa da ta taso daga Abobo, ta shiga gbaka zuwa Ajame, ta sake mota ta ƙetaro gada, riƙe da kwalbar ruwa tana son a yi wa jikanta tofi. Wajen la'asar sakaliya saura mutum biyu a gabanta, sai ga wani attajiri da na sani, ya kama hannuna, ya cusa mini jaka biyar, ya ce goro ne. Na bi da shi ta ƙofar gefe, na ce wa raina ai mai hidima ne ga zawiya. Ya daɗe a ciki. Yana fitowa aka kira magariba, Shehi ya tashi, da asuba kuma ya kama hanya. Shehi bai san abin da na yi ba.

Na ce wa tsohuwar, "Inna, ki yi haƙuri, lokaci ya ƙure." Ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ai na ga inda lokacin ya bi." Ta ɗaure kwalbarta a gefen zane ta tafi.

Kuɗin nan na yi sadaka da su, amma sadaka ba ta biyan bashin wanda ba a ba shi ba. Na neme ta a Abobo ban same ta ba, ban san sunanta ba, ban kuma san abin da ya sami jikan ba. Na faɗi wannan ne don 'yan'uwana hadimai da muƙaddamai. Muna saurin zargin ma'aikatan ofis, alhali ƙofar malami ta fi tasu nauyi, domin wanda aka tsallake a ofis hukuma zai zarga, wanda kuwa aka tsallake a zawiya zai iya zaton haka addinin ya ke. Hadiyya halal ce, amma hadiyyar da ke buɗe ƙofa ta canja suna.

Akwai tsayuwar da ba ta da ɗan kamasho,
Ranar talaka zai shige tun da wuri.

Sharhi: Allah Ya ba mu labarin wani yini mai tsawon shekara 50,000 a cikin Suratul Ma'ariji. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa talakawa za su riga mawadata shiga Aljanna da shekara 500. Wannan ba zargi ne ga dukiyar halal ba, sai dai mai kaya da yawa shi ke daɗewa wurin bincike, kamar yadda duk fatake su ka sani a kan iyaka. A ranar nan da kyawawan ayyuka a ke biyan bashi, kuma ina tsoron tsohuwar Abobo za ta gane ni.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwa abu uku a kowace zawiya. A rubuta sunayen masu ziyara bi da bi yadda su ka zo. Kada hadimi ya karɓi komai a bakin ƙofa, mai hadiyya ya miƙa bayan ya fito. In za a gabatar da wani don lalura, a sanar a fili, a nemi yardar na gabansa, kamar yadda aka nemi ta yaron nan.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Wanda ya karanta ya sa ni a addu'a, ya sa tsohuwar nan da jikanta. Allah Ya gafarta mana, da iyayenmu, da shehunanmu, Ya sauƙaƙa mana tsayuwar ranar hisabi. Amin.

Tammat bi hamdillahi.