Kirari Gado Ne, Zagi Ba Jarumta Ba Ne

A nan Gangara, da an gama girbin gero kalangu ke kiran samari fili. Na tashi ina jin ɗan dambe yana kirari, yana ambaton gidansu da ubangidansa da mazan da ya kayar. Ban taɓa ganin laifin wannan ba. Da irin wannan zuga Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago, kuma a Maraɗi har yau ana alfahari da Kantu, wanda ya ci takobin kokawar Nijar a Tawa a 1975.

Abin da ke damuna shi ne sabon salon da yaranmu ke kwasowa daga waya. A 2018, kafin karawarsu a Las Vegas, Conor McGregor ya ci mutuncin mahaifin Khabib Nurmagomedov da ƙasarsa. Khabib ya ci wasan, amma ya tsallake shinge, rikici ya ɓarke. Zagin ya sayar da tikiti, ya zubar da girman wasan.

Mai kirari kansa yake ɗagawa, gobe kuma ana iya kayar da shi ya miƙa hannu. Mai zagi iyayen wani yake taɓawa, kuma suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabobi. Manzon Allah (SAW) ya koyar da cewa ƙarfin gaskiya yana ga mai danne fushinsa.

Samarin Gobir, daga Sabon Birni har Isa, ku yi kirarinku da ƙarfi. In kun kayar da mutum, ku ɗaga shi, ku bar iyayensa da mutuncinsu.