Ma'aunin da Ke Hannun Mai Saye

Karatun yau: Karin Magana 20:14 da Farawa 23

A ce yau an kira ka a waya, an ce ga Ford Mustang ta hannu ana sayarwa. Ƙofa biyu, inji mai silinda takwas, irin motar tseren da ka daɗe kana bi da kallo. Mai ita yana sauri, domin matarsa na kwance a asibiti, ana jiran kuɗin tiyata. Dillali ya ja ka gefe ya ce, "Oga, a matse yake. Taya ƙasa, ko nawa ka ba shi zai karɓa." Ka san kuɗinta a kasuwa. Ka taya rabi, ya yi shiru, ya sallama. To, ran Lahadi za ka tsaya gaban ikkilisiya ka ba da shaida cewa Ubangiji ya yi maka tagomashi?

Idan ana wa'azi a kan ma'aunin algus, hankalinmu kan tafi wurin mai sayarwa: mai buga gindin mudu, mai juya mitar mota. Muna mantawa cewa mai saye ma yana riƙe da nasa ma'aunin, wato bakinsa. Karin Magana 20:14 ta zana hoton mutumin da ke kushe kaya yayin ciniki, da ya juya baya kuma sai ya shiga fahariya da arahar da ya samu. Abin da ya faɗa a gaban mai kaya dabam, abin da ya faɗa wa abokansa dabam. Ɗaya daga cikin biyun ƙarya ce.

Kada ka ɗauka ana cewa ciniki zunubi ne. Ka yi tayi, a ce maka albarka, ka ƙara, wannan halal ne. Bincike ma wajibi ne a kanka, gama kuɗin da ke hannunka amanar Allah ce. Motar tsere ta hannu ta sha gudu, kuma kuloci da birki da tayoyi ne ke fara nuna wahala. Ka je da makaniki mai gaskiya, ya leƙa ƙarƙashinta, ya duba ko an taɓa yi mata fenti bayan haɗari. Ka bi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka ga tarihinta, domin akwai motocin da ambaliya ko karo ya lalata a Amurka, aka yi gwanjonsu, aka gyara, aka shigo da su. Ka duba takardun kwastan. Ka lissafa man da za ta sha, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, da tsadar kayan gyaranta. Duk aibin da ka gani da idonka, ka faɗe shi, ka nemi ragi a kansa. Ba ka zalunci kowa ba.

Zalunci yana farawa ne daga inda gaskiya ta tsaya. Ka haɗa baki da makaniki ya ce giya ta kusa mutuwa, alhali lafiyarta lau. Ka nuna kamar ba ka so, kana jan lokaci, don ka san kowace rana kuɗin asibiti na ƙaruwa. A nan ka daina auna mota, ka koma auna wuyar ɗan'uwanka.

Wataƙila ka ce, "Ai shi ya yarda, ban sa masa wuƙa a wuya ba. Faɗuwar wani tashin wani." Gaskiya ne ya yarda. Amma ka tambayi kanka: da ba ya cikin matsi, kuma ya san duk abin da ka sani, zai yarda? Farashin adalci shi ne wanda mutum biyu za su amince da shi ido a buɗe, ba tare da ɗaya ya shaƙe ɗaya ba. Kuma ka lura da irin kayan da kake saye. Babu wanda ya taɓa kwana da yunwa don rashin motar tsere. Kai kana iya juyawa ka tafi gida ba ka rasa kome ba, shi kuwa ba ya iyawa. Ƙarfi yana hannunka, kuma wanda ke da ƙarfi a ciniki shi Allah zai fara tambaya.

Dubi Ibrahim. Saratu ta rasu a Hebron, yana neman wurin binne ta. Efron Bahitte ya yi masa tayin fili da kogon Makfela kyauta, Ibrahim ya nace sai ya biya. Ya auna shekel 400 na azurfa a gaban mutanen gari. Dawuda ma, yana sarki, ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya biya shekel 50 na azurfa. Dukansu biyu sun sami hanyar samun abu a ɓagas, suka bar ta. Albarkar da suke dogara gare ta ba ta bukatar asarar wani.

Akwai kuma wani ɓangare na adalcin, wanda ya shafi gidanka. Sha'awa takan sa mutum ya biya fiye da kima, ya ci bashi, ya taɓa kuɗin makarantar yara don a gan shi a cikin mota mai ƙara. Idan ka yi wa mai sayarwa adalci amma ka ƙware iyalinka, cinikin bai yi kyau ba tukuna.

Ga gwaji mai sauƙi kafin ka tura kuɗi. Ka ɗauka wanda ya sayar maka yana zaune a kujerar gaba ranar da kake ba da shaida, yana jin nawa ka biya da yadda ka yi ka samu. Idan zai iya cewa amin da zuciya ɗaya, ka saya, ka hau da salama. Idan kuwa za ka so ya fita waje kafin ka yi magana, Ruhu Mai Tsarki ya riga ya ba ka amsa. Ka ƙara kuɗin ya kai kima, ko ka bar motar. In kuma ka riga ka yi irin wannan cinikin, ƙofa ba ta rufe ba. Ka neme shi ka cika masa.

Addu'a: Ya Uba, ka tsarkake bakina a kasuwa kamar yadda kake tsarkake shi a sujada. Ka hana ni cin riba daga hawayen wani. Ka ba ni wadar zuci, in bar abin da ba zan iya samu da gaskiya ba. A cikin sunan Yesu, amin.