Renon 'Ya'ya a Baƙuwar Ƙasa

Ya kai mai-karatu, watakila kana cikin waɗanda neman ilimi ko neman abinci ya kai su ƙasar Ingila tare da iyali, ko kuwa kana shirin tafiya, ko ɗan'uwanka ne ya ke can. Akwai wata tambaya da ta ke jiran kowane uba da kowace uwa a sabon gidansu, ko da ya ke ba safai su kan lura da ita ba sai shekaru sun shuɗe. Ga ta: yaron nan ƙanƙane da ka kawo, ko wanda aka haifa maka a can, me ya wajaba ka koya masa da bakinka, me kuma ya kamata ka bar wa mutanen ƙasar su koya masa? In ka ɗaure shi ga al'adun gida dukansu, za ka mai da shi baƙo a garin da zai girma. In kuwa ka sake shi sarai, wata rana zai zama baƙo a gare ka, alhali kuwa kuna cin tuwo a kwano ɗaya.

Sai mu fara duban abin da ka rasa ran da ka bar gida. A garinku an ce ɗa na kowa ne, gaskiya ne kuwa. Kaka tana nan da tatsuniya, kawu yana nan da tsawa, goggo tana lura da yadda yarinya ta ke zama, maƙwabci ma in ya ga ɗanka yana ɓarna a hanya ba ya jira sai ka zo. Yaro ya kan koyi gaisuwa ba tare da an zaunar da shi ba, gama yana jinta tun asuba har dare. Aikin nan da mutum ashirin su ke yi ba su ma san suna yi ba, yanzu ya faɗo a kan mutum biyu, wani lokaci ma a kan ɗaya, su kuwa a gajiye su ke.

Kada ka ce ai Hausawa sun saba da ƙaura, 'ya'yansu kuma ba su ɓata ba. Lalle sun saba. Bayan yaƙin basasar Salaga a 1892 fataken goro sun watsu zuwa Kumasi da Ankara da wasu garuruwa, har yau kuwa ana jin Hausa a zangunan Ghana. Bayan yaƙin Burmi a 1903 Muhammad Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogi kusa da Sennar a Sudan, garin ma sunansa ya ke amsawa. Amma ka lura, waɗannan sun tafi ne jama'a guda, suka kafa unguwa tasu da kasuwa tasu, yaro ya fita wasa ya tarar da yara masu harshensa. Kai fa gida ɗaya ne a tsakiyar titi, maƙwabcinka na dama daga Indiya, na hagu daga Poland. Abin da unguwa ta yi wa 'ya'yan fatake, ba wanda zai yi wa naka in ba kai ba.

Ko dokar ƙasar ma a kanka ta ɗora kayan. Dokar ilimi ta Ingila ta 1996 ta wajabta wa mahaifi ya ga ɗansa ya sami cikakken ilimi daidai da shekarunsa, ko ta wurin zuwa makaranta ko ta wata hanya, daga zangon karatu na bayan cikarsa shekara 5. Saboda haka akwai iyayen da su ke koya wa 'ya'yansu a gida ɗungum, doka kuwa ta yarda. A Jamus ba haka ba ne, can tilas yaro ya tafi makaranta. A Faransa kuma tun 2022 sai an sami izinin hukuma. A ganina, baƙo wanda bai daɗe da sauka ba gara ya sa ɗansa a makaranta, domin yaro yana bukatar harshen ƙasar da abokan wasa, kai kuwa ba ka da su da za ka ba shi. Amma kada ka zaci da ka miƙa shi ga malama ka sauke nauyi. Yi lissafi ka gani. Makarantar gwamnati a Ingila tana buɗe wa yara kwana 190 a shekara, wajen sa'a 6 da rabi kowace rana, watau sa'a 1,235. Yaro mai shekara 5 in yana barcin sa'a 11, idonsa biyu sa'a 4,745 a shekara. Ashe rabon makaranta bai wuce wajen kashi 1 cikin 4 ba. Sauran sa'a 3,500 da 'yan kai naka ne, in kuwa ba ka cika su ba, telebijin da wayar hannu za su cika maka.

Watakila za ka ce, Ina na ga sarari? Aikin dare na ke yi, matata kuwa da safe ta ke fita, da ƙyar mu ke haɗuwa a ƙofa. Na sani, ban kuwa raina wannan wahala ba. Ga sanyi, ga duhu; a watan Disamba rana ta kan faɗi a London tun ƙarfe 4 ba ta yi ba, yara suna kulle a ɗaki, kai kuma barci ka ke ji. Amma ba cewa a ke yi ka kafa allo ka zama malamin aji ba. Koyarwar yaro ƙarami cikin hidimar yini ta ke tafiya: sa'ad da ka ke raka shi makaranta ku ƙidaya motoci, ɗaya, biyu, uku, sa'ad da uwa ta ke yanka albasa ta faɗi sunan kowane abu da ta taɓa, da dare kuma kafin a kashe fitila a ce, Ga ta nan ga ta nanku, a kawo Gizo da Ƙoƙi. Minti 15 kowace rana ya fi sa'a 3 ran Asabar kaɗai, gama abin da yaro ya ke ji kullum shi ne ya kan zauna masa.

Yanzu sai maganar harshe, ita ce kuwa mai nauyi. Iyaye da yawa su kan daina Hausa a gida don tsoron kada yaro ya rikice ya kāsa Turanci. Tsoron nan daga ƙauna ya fito, amma kuskure ne. Masana sun daɗe suna bincike a kan yara masu harshe biyu, sun kuwa tarar jin harshe biyu ba ya jawo wa yaro ciwon magana, ko da ya kan gauraya su da fari. Turanci ba ya bukatar taimakonka. Makaranta da titi da telebijin suna tura shi dare da rana. Harshen gida shi ne maraya. Wata masaniya, Annick De Houwer, ta bincika gidaje wajen 1,900 a yankin Flanders na Beljiyam inda a ke wani harshe ban da na ƙasar, ta buga sakamakon a 2007: a kusan kashi 1 cikin 4 na gidajen nan yaran ba su magana da harshen iyayen. Inda harshen ya fi tsira kuwa shi ne inda uwa da uba dukansu su ke yinsa a gida.

Za ka ce, To, in ya rasa Hausa me ya rasa, tun da da Turanci zai ci abinci? Ka yi tunanin ran da zai kai shekara 15, zuciyarsa ta ɓaci a kan wani abu mai zurfi, kai kuma kana so ka yi masa nasiha. Turancinka ya isa sayayya da wurin aiki, amma bai isa ka buɗe masa cikinka ba. Hausarsa kuwa ba ta wuce "zo" da "tafi" da "na ƙoshi" ba. Ku biyu za ku zauna ɗaki ɗaya da ƙauna a zuci, ba hanyar da za ta bi ta fito. Ka tuna kuma da tsohuwa a gida, wadda ta ke jiran a kira ta a waya ta ji muryar jikanta. Hana ta wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma da shawararta aka yi ba.

Hausa fa daga baki a ke ɗaukarta. A takarda "gari" inda mutane su ke zaune da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya ne, haka "kuka" na hawaye da "kuka" na miya. Sai kunne ya raba su, kunnen kuwa tun yaro yana ƙarami ya ke kamawa. In ya soma karatu, koya masa baƙaƙen Hausa ba zai ɓata masa na makaranta ba, gama makarantun Ingila ma da sautin baƙi su ke fara koyar da karatu, tun 2012 har jarrabawar kalma 40 a kan yi wa 'yan wajen shekara 6 a kan haka. Sai dai ka nuna masa inda suka bambanta, kamar "c" ɗinmu na "ci" da "ciki", da kuma ɓ, ɗ, ƙ waɗanda malamarsa ba ta da su.

Amma akwai ɗaya gefen, kada ka manta da shi. In kai ba ka yi ƙoƙarin koyon harshen ƙasar sosai ba, ɗanka zai zama tafintanka a gaban likita da mai-gidan haya. Yaro mai shekara 8 bai kamata ya ji labarin bashin ubansa ko ciwon uwarsa ta wannan hanya ba. Wanda kuma ya saba fassara wa ubansa magana, da wuya ya karɓi tsawa daga gare shi.

Game da ladabi, ya kamata ka rarrabe tsakanin abin da ke tushe da abin da ke tufafi. Girmama babba tushe ne, ba ya sākewa ko'ina. Durƙusawa da sunkuyar da kai tufafinsa ne a ƙasarmu. A Ingila malama in tana magana da yaro ta kan so ya dube ta a ido, in ya sunkuyar sai ta zaci ba ya saurare, ko yana ɓoye wani abu. Ga yaro a tsakani: abin da aka yaba masa a gida an zarge shi a kai a makaranta. Kada ka ce masa Turawa ba su da kunya, kada kuma ka bari ya ɗauka al'adar gida ƙauyanci ce. Ka gaya masa a fili cewa a gaban malama ya ɗaga ido, a gaban kawu ya rusuna ya miƙa hannun dama, dukansu biyu ladabi ne. Yara sun fi manya iya wannan, in dai an bayyana musu.

Sai bulala. Yawancinmu da ita aka rene mu, muna kuma cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ka sani ƙasashe da yawa sun hana iyaye dukan yara: Suwidin ta fara a 1979, Jamus a 2000, Faransa a 2019, Sikotlan a 2020, Wales a 2022. A Ingila kanta dokar yara ta 2004 ta toshe hujjar horo ga duk dukan da ya bar rauni a jiki, malamai kuwa wajibi ne su kai rahoto in sun ga alamar an cuci yaro. Baƙo yana ƙarƙashin dokar masu masaukinsa, wannan kaɗai ya isa. Amma ina roƙonka kada ka ajiye bulala don tsoron hukuma kawai, kana guna-guni. Tambayi kanka da gaskiya, sau nawa ka ɗaga hannu domin gyaran yaro, sau nawa kuma domin gajiya da haushin abin da aka yi maka a wurin aiki? A gida in uba ya yi zafi, yaro ya kan ruga bayan kakarsa, ita ta ba da haƙuri ta kuma lallashe shi. A can ba bayan da zai ɓuya. Karin maganar ma tanƙwarawa ta ce, mai-tanƙwara icce kuwa a hankali ya ke yi, yana komowa kowace rana. Hana shi wasan da ya ke so na yini ɗaya, sa shi ya gyara abin da ya ɓata, cika alkawarin horo da na kyauta daidai: waɗannan sun fi duka wuya ga uba, domin haƙuri su ke ci.

Waɗansu in abin ya yi musu yawa su kan aika da yaro gida riƙo. Ban ce haram ne ba, riƙo tsohuwar al'adarmu ce, wani lokaci kuma ba makawa. Amma a shekarun 1950 zuwa 1970 ɗalibai da yawa daga Afirka ta Yamma sun ba iyalan Turawa a Ingila riƙon jariransu domin su sami sararin karatu, da nufin alheri. Da yaran suka girma, da yawansu suka ba da labarin yadda suka rasa inda za su kira gida, iyayen da suka haife su kuma suka zama musu baƙi. Kafin ka raba yaro ƙarami da uwarsa, ko zuwa wace ƙasa, ka auna wannan.

Wata rana kuwa, wajen shekara guda bayan ya shiga makaranta, za ka yi masa magana da Hausa ya amsa da Turanci, har watakila ya ce kada ka yi Hausa a gaban abokansa. Abin zai soke ka. Kada ka yi masa ba'a, kada ka hore shi a kan haka, gama harshen da aka sha duka dominsa ba a kan ƙaunace shi ba. Kada kuma ka bi shi zuwa Turanci don gudun gardama. Ka maimaita abin da ya faɗa da Hausa cikin sauƙin murya, ka ba shi amsa da Hausa, ku ci gaba da hira. In ya ce Hausa, ko da karkatacciya ce, kada 'yan gida su yi dariya. Ran Lahadi da yamma kuma ka kira kakarsa, ka miƙa masa wayar, ka fita daga ɗakin domin kada ya sami wanda zai fassara masa.