Rufe Layi Daban, Rufe Waya Daban

Ɗana, mahaifiyarka ta ce tun da aka ƙwace maka waya kake ta kumfar baki, wai kamfanin layi ya ƙi kashe ta. Alhamdu lillahi da ba a taɓa lafiyarka ba, don masu ƙwacen nan da wuƙa suke yawo. Amma zauna, kai ma da naka laifin.

Da ka je ofishinsu, layinka suka rufe, suka nemi lambarka ta NIN, suka yi maka welkam bak. Nan aikinsu ya tsaya, domin layi suka sayar maka. Ita wayar tana da tata lambar, IMEI, mai alƙaluma 15. Tana jikin kwali, tana kuma fitowa in ka danna *#06#. Ina kwalin? An ce ranar da ka saye ta ka jefar. Rasidi fa? To da me za ka nuna taka ce?

Na ji kana cewa a Ingila kashe waya ake yi. Gaskiya ne. Can idan ka kai ƙara, kamfani yana sa lambar cikin jerin wayoyin sata, sauran kamfanoni su ɗauka, kowane layin ƙasar aka sa mata ba za ta kama sabis ba. Tun 2002 suka yi dokar hukunta mai sauya lambar IMEI ta waya. Akwai ma rumbu na duniya a hannun ƙungiyar GSMA, sai dai yana aiki ne kawai inda kamfanoni suke dubawa. Shi ya sa ɓarayin Landan ke fitar da wayoyi ƙasashen waje. Ka tuna da wannan duk ranar da wani ya nuna maka 'yar Landan a rabin kuɗi, babu kwali, babu takarda.

Sai maganar inshora, wadda na ga kana yi wa dariya. Inshora ba ta kashe waya, ba ta kamo ɓarawo, kuɗi kawai take biya, kuma sai da shaida. A Ingila za su nemi rahoton 'yan sanda, da rasidi, da tabbacin an toshe lambar, kuma kai ma akwai ɗan abin da za ka cika daga aljihunka. Da zarar sun biya, tsohuwar wayar ta zama tasu, ko da ta dawo hannunka. Har akwai marasa tsoron Allah da ke sayar da waya, su koma su ce an sace ta don su karɓi sabuwa. Wanda ya saya shi ke kwana ciki, wata safiya ya tashi ya ga babu sabis. Idan zuciyarka ba ta kwanta da inshora ba, akwai takaful, ka tambayi malaminka. Amma su ma takarda za su nema, ba rantsuwa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sai washegari ka sanar da banki. Ɓarawo ya fi son layinka a kan wayar, domin da shi zai danna lambobin banki ya lalubi asusunka. Da ka sa wa layin lambar sirri, da ya cire shi ya sa a wata wayar, ba zai buɗe ba.

Yanzu na ji za ka kasuwar waya ta Farm Centre neman wata. Ka saya a shago, ba a hannun yaron da ya tare ka a bakin ƙofa ba, don wayar sata ko da kuɗinka ka saye ta, kai 'yan sanda za su fara kamawa. A gaban mai shago ka danna *#06#, ka gwada lambar da ta fito da ta kwali, ya rubuta ta a rasidi. Rasidin kuma ka kawo wa mahaifiyarka ta ajiye, don na san halinka.