Bafillacen Da Ba Ya Jin Fillanci

Jama'a, akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai. Yaron da aka haifa a birnin Sakkwato, ya tashi yana jin ana cewa gidansu Torankawa ne ko Sulluɓawa, alhali ko "zo in kashe ka" bai sani da Fillanci ba, in ya ce shi Bafillace ne, ƙarya ya yi?

Na ga mai tallan nono ta dubi wata yarinya a zaure, ta ga dogon hanci, sai ta zuba mata gaisuwa da Fillanci. Yarinya ta waiga wajen kakarta, ta ce, "Inna, mi ta ce?" Aka fashe da dariya, har da masu cewa Bafillatar bogi. Allah sarki! Su masu dariyar, wa ya taɓa zaunar da ita ya koya mata?

Ni dai a ganina yaron bai yi ƙarya ba, domin kuwa asali ba a baki kaɗai yake zama ba. Yana kiran ƙanen ubansa Baffa, ƙanwar uban Goggo, ɗan'uwan uwarsa Kawu, duk kalmomin Fillanci ne da suka shige Hausa suka miƙe ƙafa. Yana ganin uwarsa ba ta iya kama sunan ɗanta na fari saboda filako. Abin da ya tarar ke nan, shi ya riƙe.

Sai dai akwai abin da ya salwanta, kada mu ruɗi kanmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya yi waƙoƙi masu yawa da Fillanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta rubuta da Larabci da Fillanci da Hausa, ita ce ma ta mayar da waƙar mahaifinta ta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, don matan karkara su ji su amfana. Niyya ce kyakkyawa, ta kuma yi albarka. To amma yau jika sai ya je Hubbare ziyara, ya dawo ya nemi tafinta kafin ya fahimci abin da kakansa ya rera.

A Kanada akwai wasu mutane da ake kira Cree, cikin 'yan asalin ƙasar. Gwamnati da coci-coci sun riƙa raba yaran 'yan asali da iyayensu, kimanin 150,000, suna kai su makarantun kwana inda ake hukunta yaro in ya yi harshen uwarsa. Sai a 2008 Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara. Su ƙwace aka yi musu, shi ya sa suka san an yi musu ɓarna, har Cree na arewacin Kubek suka kafa hukumar makarantunsu a 1978, suka shigar da harshensu aji. Mu kuwa babu wanda ya ɗaga mana bulala. Auratayya da kasuwa da zaman birni suka yi aikinsu sannu a hankali, iyaye suka ajiye harshen kamar tsohon zane a ƙasan adaka.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tutiya da sunan Fulani in an zo maganar aure ko sarauta, amma in Bafillatanin ruga ya shigo Kasuwar Kara da sandarsa, su ne na farko wajen kiransa bagidaje. Shi kuwa da Fillancin Shehu yake kiran shanunsa.