Allo Ɗaya, Akushi Daban

Masana lissafi suna alfahari da cewa fagensu bai san launin fata ba. Hujja idan ta tsaya, ta tsaya, ko ɗan sarki ne ya kawo ta ko ɗan talaka. Haka ne. Amma idan allo bai nuna bambanci ba, shin nauyi ya sauka daga kan malamai ke nan?

A 1941 David Blackwell, baƙar fata ɗan Amurka, ya kammala digiri na uku a Jami'ar Illinois yana da shekara 22. A shekara ta gaba Jerzy Neyman ya so a ɗauke shi aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ba wanda ya ce iliminsa bai kai ba. Matar shugaban sashen lissafi ce, wadda ta saba shirya wa malamai walima, ta ce baƙar fata ba zai shiga gidanta ba. Blackwell ya yi shekara goma yana koyarwa a Jami'ar Howard, sai a 1954 Berkeley ta karɓe shi.

A 1951 aka yi taron masana lissafi a Nashville. Malaman Jami'ar Fisk, ciki har da Evelyn Boyd, sun saurari laccoci, amma da aka zo liyafa aka ce ban da baƙaƙen fata. Vivienne Malone-Mayes kuwa, lokacin da take karatu a Jami'ar Texas, ba ta da damar shiga gidan shan kofin da malaminta da 'yan ajinta suke zama suna tattauna darasi. A 1966 ta samu digirinta na uku.

A duka ukun nan, a bakin akushi aka tsayar da mutum. Wani zai ce ai ba cin abinci ya kawo su ba. To, amma a wurin hira ne ɗalibi yake jin wace tambaya ce ta cancanci shekarunsa, wace hanya aka gwada ta ƙi, ina ake neman ma'aikaci. A nan ne yake ganin babban malami ya yi kuskure ya yi dariya, har ya gane cewa rikicewa ba alamar daƙiƙanci ba ce. Wanda aka hana wannan zama, idan lissafi ya gagare shi, shi kaɗai zai yanke wa kansa hukunci, kuma hukuncin yakan zama: nan ba wurina ba ne.

Akwai masu cewa mai hazaƙa ba ya ɓoyuwa, ga Blackwell nan, a 1965 ya zama baƙar fata na farko a Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka. Sai dai wannan ƙidayar waɗanda suka haye kogi ce. Waɗanda suka juya daga bakin ruwa ba a rubuta sunayensu ba, ka'idojin da da sun gano kuma sun tafi da su.

Saboda haka adalcin malami bai ƙare a kan maki ba. Lee Lorch, farar fata da ya shugabanci sashen lissafi a Fisk, ya fito fili ya ƙalubalanci abin da aka yi a Nashville, kuma ɗalibansa mata kamar Malone-Mayes, Etta Falconer da Gloria Hewitt duk sun kai ga digiri na uku. Bai sassauta musu darasi ba, domin tausayin da ke rage wa ɗalibi aiki shi ma raini ne. Ya ɗauke su abokan sana'a na gobe.

Duk malamin da ya tashi daga aji zai tafi shan shayi da ɗalibansa, ya waiga ya ga wa ya rage yana tattara littattafai shi kaɗai, ya kira shi da sunansa.